Ɓatan Na Koki da Alƙalan Cikin Waya

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi kamar yadda ake kewaye kwata a lungu, amma hanya ta nan ta bi, dole a tsallaka. Ku jikokina kun tashi kun tarar da maganar a bakin mutane, kuma an ce mini har yau in an nemi gidanmu a waya sai ta fito. To gara ku ji ta daga wadda aka yi wa. Ba tausayi nake nema ba. Ban iya nemansa ba tun ina yarinya, tsufa kuma bai koya mini ba.

Na Koki shi ne ɗana na fari. Ba sunansa ke nan ba, ni ce nake ce masa haka, domin ana yaye shi Yaya Asabe, wadda nake bi, ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Koki. A can ya tashi, sai da ya isa aure ya dawo unguwarmu Soron Ɗinki, mahaifinsa ya yanka masa ɗaki a cikin gida. Haka ake yi a lokacinmu. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban baƙi, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Uwarmu haka ta yi wa Yaya Asabe har ta koma ga Allah. Ni Ladi mai alkaki, wadda kowa ya sani da baki a unguwa, wadda ta taɓa tsayar da mai unguwa a ƙofar gida a kan maganar magudanar ruwa har sai da ya nemi kujera, wannan suna guda shi ne ya fi ƙarfin harshena. Shi ma Na Koki ya san zaman da muke. Da safe ya zo ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya, sannan in ce wa duk wanda yake kusa, "Miƙa wa wancan kokon can kada ya huce." Kokon nan kuwa tun kafin kowa ya ɗiba nake ware shi, shi ne mai kaurin. Bai taɓa cewa ya lura ba, ni ma ban taɓa cewa na yi ba.

Zare yake sayarwa a Ƙofar Wambai, na ɗinkin hula da na aikin riga. Wata Talata bayan Azahar ya ce wa maƙwabcin rumfarsa ya duba masa, zai kai saƙon zare tasha ya dawo. Ya bar abincin da matarsa Bilkisu ta aika masa ko buɗewa bai yi ba. Bai dawo ba. Lokacin mahaifinsu ya riga ya rasu, don haka ƙaninsa Kabiru ne ya ɗauki yawon: wurin 'yan sanda, asibitoci, ɗakin ajiye gawa, tashoshin mota. Aka yi cigiya a rediyo, aka sanar a masallatai, aka yi saukar Alƙur'ani. Abin da muka sani ke nan. Yau da nake wannan rubutu, shekaru sun tafi, abin da muka sani bai ƙaru da ƙwayar gero ba. Duk wanda ya ce muku ya san fiye da haka, ku ce ya nuna muku inda ya ajiye shi.

Ya bar Bilkisu da yara. Babbarsu Safiyya, a lokacin ta shiga sakandare. Ita ce abokiyar faɗana a gidan. Kun san wasan jika da kaka, to namu ya wuce na kowa. Ba ta taɓa gaishe ni kamar mutuniyar kirki ba. Sai ta leƙo ɗaki ta ce:

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau ma kin tashi? Yaushe za ki bar mini ɗakin nan ne?"

In ce, "Sai na ga mijin da zai kwashi wannan dogon wuyan, in yi masa jaje."

Ta saci alkaki ta gudu. Ko bayan ɓatan ubanta, tana kuka tana sharewa, ba ta fasa tsokanata ba. Ni kuwa da wannan tsokanar nake gane cewa gidan bai rushe ba tukuna.

Da aka kwana biyu ba labari, Kabiru ya zo da wani saurayi mai shafi a intanet, ya ce mabiyansa suna da yawa, in aka ɗauki uwa tana cigiya abin zai fi zagayawa. Na yarda, don ko kare aka ce zai nuna mini hanya a lokacin zan bi shi. Na yafa mayafi na zauna a tsakar gida. Na ce muna cigiyar yaron nan, ga kamanninsa, ga kayan da ke jikinsa, wanda ya gan shi ya taimaka don Allah. Sai saurayin ya ce:

"Mama, faɗa wa jama'a sunansa."

Na juya na ce, "Kabiru, faɗa masa."

Kabiru ya faɗa. Da na ji sunan a gabana, ga baƙo, ga kamara, sai na ja bakin mayafi na rufe baki na sunkuyar da kai, kamar yadda na saba yi tun ina da shi a goye. Ban yi kuka ba. Ba a gaban mutane ake yi wa ɗan fari kuka ba. Shi ke nan, saurayin ya naɗe kayansa, na ba shi alkaki a leda ya tafi.

A nan sai in tsaya in faɗa muku wani abu. Ni ban yi boko ina yarinya ba. Sai bayan rasuwar mahaifinsu na shiga ajin manya, da furfurata, ina zama kan benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, ina bin harafi da yatsa. Na iya, kuma na yi alfahari da iyawar. Amma a shekarar nan na gane karatu wuƙa ce, ba ta tambayar hannun wa za ta yanka. 'Yan gida sun ga abin da mutane suke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon sun ɓoye mini. Sun manta na iya karatu, kuma sun manta da maƙwabta. Wata ce ta shigo da sunan jaje, ta zauna ta yi ta jan tsaki, sannan ta miƙo mini wayarta ta ce ita dai ba ta yarda ba, amma gara in gani. Na sa tabarau na bi da yatsa, layi bayan layi, har na kai inda idona ya gaji.

Da farko addu'a suke yi. Daga nan sai wani ya ce, jama'a ba ku lura ba, matar nan ta kasa faɗar sunan ɗanta. Wani ya ce ko ɗigon hawaye babu. Wani gwani ya rage wa bidiyon gudu, ya zagaye fuskata da jan layi daidai inda na rufe baki, ya ce ku duba, dariya take ɓoyewa. Wata ta hango wani kwano a bayana an rufe shi da faifai da jan ƙyalle, ta ce ita ta san irin wannan, kayan tsafi ne. Kwaɓin alkaki ne na ajiye ya tashi, na bikin wata yarinya a Koki. Kafin a jima sun gama shari'a sun yanke hukunci: na ba da ɗana ga matsafa don kasuwar alkakina ta buɗe. Mutanen da ba su taɓa taka lungunmu ba suka zana taswirar gidanmu, suka nuna inda ya kamata a tona. Wasu suka ce a'a, Bilkisu ce, ni rufa mata asiri nake. Wasu suka ce maƙwabcin rumfarsa ne, bawan Allah da ya rufe masa rumfa ya kawo mana mukulli da hannunsa yana hawaye. Kowa da ɓangarensa, suna musu da juna kamar masu kallon ƙwallo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba baƙi ba ne. Hausawa ne, da Hausa suke rubutawa. Na tabbata da yawansu 'ya'yan fari ne, kuma har yau iyayensu mata "kai wannan" suke ce musu. Na ga mutum ɗaya ko biyu sun rubuta cewa, haba jama'a, kunyar ɗan fari ce. Aka yi musu ca. Aka ce wace irin kunya a wannan zamani, ɗanka ya ɓata? Sai suka yi shiru, don mai gaskiya ɗaya ba ya iya da kasuwa.

Sai wani ɗan unguwa, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya ƙara musu itace: ai tun yana jariri ta yar da shi, yayarta ce ta raine shi. Suka nemi Yaya Asabe har Koki suka ɗauke ta. Ita kuwa ta rungume hotonsa tana kiran sunansa tana kuka kamar ranta zai fita, don ita ba abin da ya hana ta. Suka jera fuskarta da tawa, suka rubuta a ƙasa wai ga uwar gaske ga ta ƙarya. Washegari ta zo gidan ko mayafin kirki ba ta yafa ba.

"Ladi, wallahi ban san abin da za su yi da shi ke nan ba. Cewa suka yi cigiya ce."

Na ce, "Yaya, yi kukanki. Ke aka ba wa shi. In kina yi ki riƙa haɗawa da nawa."

Masu biki suka daina aiko mini aikin gara. Ba wadda ta faɗa mini dalili, sai dai in ji an kai wa wata. Wannan bai dame ni ba, na ci na sha kafin alkaki. Kabiru ne ya sha wuya. Kullum sai an kira shi: an ga Na Koki a ƙarƙashin gada a kudu, an gan shi da wata mace a kan iyaka, ga hoton wata gawa a duba. Ya bi wasu, ya dawo da ƙafa a kumbure. In ma akwai wanda ya ga wani abu na gaskiya ranar Talatar nan, muryarsa ta nutse a cikin wannan hayaniya, ba mu ji ta ba.

Duk wannan na ɗauka. Abin da ban shirya masa ba shi ne safiyar da Safiyya ta zo bakin ƙofata ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ina kwana." Ta tashi ta tafi. Babu tsohuwa, babu ran ƙarfe. Na ajiye alkaki a inda ta saba sata, ya wuni a wurin har ƙudaje suka gane shi. Abincin da na dafa sai ta ce ta ƙoshi. Bilkisu ce ta faɗa mini, tana kallon ƙasa, cewa a makaranta 'yan ajinsu sun nuna mata bidiyon, mai jan layin, suna tambayarta ko da gaske kakarta ta cinye babanta. Yarinya ce. An ɗauke mata uba ba a ba ta dalili ba, ga wasu sun zo da dalili a shirye, har da hoto.

A cikin haka Kabiru ya sake kawo saurayin nan mai shafi. Ya tsuguna da ladabi, ban ɗauke masa wannan ba.

"Mama, wallahi taimakonki nake son yi. Abin ya fi ƙarfina, ban zaci haka za a juya shi ba. Mu sake ɗauka. Ki riƙe hotonsa, ki kira sunansa, in hawaye ya zo kada ki tare shi. Za ki ga yadda mutanen nan za su koma yi miki addu'a."

Na ce, "Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Ni ne na fari, Mama."

"Uwarka yaya take kiranka?"

Ya yi 'yar dariya ya sosa ƙeya. "Babangida take cewa."

"To ita ma cinye ka ta yi?"

"Ai Mama ni ban ɓata ba."

Na ce, "In na yi kukan, zai fito mini da shi?"

"Zai wanke ki dai."

"Ban yi datti ba. Jiya na zauna yadda uwata ta koya mini, kun ce mayya ce. Gobe in yi kuka, wani gwanin ya rage masa gudu ya ce hawayen na ƙarya ne, ya ga albasa a bayana. Tashi ka tafi, ka gai da Babar Babangida."

Da ya fita Kabiru ya tsaya a kaina, shi da bai taɓa mayar mini da magana ba.

"Inna, ba don su ba. Don Safiyya."

Wannan ta shige ni. Amma ban sake zama gaban kamarar ba.

Ita da kanta ta zo, wata rana da ta dawo daga Islamiyya, ko hijabi ba ta cire ba. Ina tankaɗen alkama a rumfa, gidan ba kowa. Ta zauna nesa da ni kamar baƙuwa.

"Inna, ni ba kamara ba ce. Ba kowa a nan sai ni da ke. Ki faɗi sunan Babana sau ɗaya in ji."

Na ajiye rariya. Ina faɗa muku, sunan ya taso har maƙogwarona. Ni na fi kowa saninsa, a kunnena aka fara raɗa shi kafin a faɗa wa maroƙi. Amma na duba abin da ake nema a wurina, sai na ga ba suna ba ne. So ake in canza yadda nake da shi. Tun ranar da aka haife shi nake jin kunyarsa, ya yi rarrafe ina ji, ya yi gemu ina ji. In na ajiye ta yau, na yarda ke nan babu sauran wanda zan ji kunya.

Na ce, "Safiyya, in ubanki ya shigo ƙofar can gobe, aka ce masa na kama sunansa, zai san na fid da rai da shi. Ban fid da ba. Yadda nake da shi jiya haka nake da shi yau."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba sai da wasa.

"Ashe kunyar ta fi ni a wurinki."

A makon nan ta roƙi uwarta a bar ta ta koma Koki wurin Yaya Asabe. Bilkisu ta zo neman izinina. Na ce a bar ta, gidan ubanta ne can ma, a can ya yi wayo. Ni na ɗaure mata kayanta.

An sha tambayata ko na yi nadama. Ban yi ba. Amma kada wani ya ce muku abin ya zo da araha. Shekaru yarinyar nan ta yi tana zuwa gaishe ni da Salla kamar 'yar maƙwabta, ta durƙusa, ta tashi. Su kuwa alƙalan cikin waya, ba a rufe shekara ba wani abin ya taso suka koma can da jan layinsu. Ba wanda ya zo ya ce Ladi yi haƙuri, ba wanda ya goge abin da ya rubuta. Maƙwabcin rumfar nan sai barin kasuwar ya yi. Da shekarun da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓata suka cika, ni da kaina na raka Bilkisu gaban alƙali na gaske, mai tambayar shaida kafin ya yi magana, aka sawwaƙe mata ta yi wani auren. Ba a ɗaure 'yar mutane da igiyar da ba a san inda bakinta yake ba.

Safiyya ta gama karatunta ta yi aure daga Koki. Kafin ta haihu Allah ya yi wa Yaya Asabe rasuwa, uwarta kuma tana gidan wani, don haka Kabiru ya ce wankan jego a Soron Ɗinki za a yi, gidan ubanta. Ta zo ba don tana so ba. Ni na riƙa dafa mata ruwan wanka, ni na dama mata kunun kanwa. Ta sha, ta ce an gode, kamar a asibiti. Namiji ta haifa. Ranar suna mijinta ya aiko cewa ya mayar wa yaron sunan mahaifinta.

Da yamma gida ya cika da mata. Tana zaune a bakin gado cikin kwalliya, jaririn yana hannun wata gwaggonta, ni ina daga gefe ina raba alkaki. Sai wata ƙawarta ta ɗaga waya ta saita ta.

"Mai jego, faɗa wa duniya sunan saurayin namu mana!"

Safiyya ta buɗe baki. Ina kallonta. Sai na ga hannunta ya tafi da kansa ya jawo bakin mayafi ya rufe bakin, kanta ya sunkuya.

"Ku tambayi ubansa," in ji ta, can ƙasa.

Mata suka sa dariya da guɗa, ana cewa ka ga 'yar zamani da kunyar ɗan fari. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗago a hankali, mayafin yana bakinta, ta nemo ni a cikin taron. Muka dubi juna. Ni kuwa na miƙa hannu na danne wayar ƙawar nan ƙasa na ce, "Ajiye wannan abin ki ci alkaki."

Washegari da safe na shiga da ruwan wanka, ina haki saboda nauyin bokiti. Ta dube ni daga kan gado ta ce:

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu ba ki bar mini ɗakin nan ba?"

Na ce, "Na dai ga mijin, kuma na yi masa jajen. Sauko ruwa zai huce."

Abba muke ce wa yaron. Mu biyu ne yanzu a zuriyar nan da ba ma kama wannan suna. Ku da kuka karanta babin nan kun ga ban rubuta shi ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Ku kun san shi. Ku riƙa kiransa a cikin addu'a da ƙarfi, ni ina daga gefe ina cewa amin.